Tarihin Kalmar "Hilt" A Harshen Ingilishi

Sau da yawa kayan aiki kan mutu ya bar sunansa da rai. Misalin wannan shi ne kalmar "hilt", wadda Turawan Ingila suke kiran mariƙin takobi da ita. Ya kamata mai karatu ya bambanta ta da "haft", domin ita wannan ta fi kusa da ƙota a Hausa, watau icen da ake sa wa gatari ko mashi.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Ta zo Ingila ne a bakin ƙabilun Jamusawa da suka ƙaura can tun ƙarni na 5, kuma tana da 'yar'uwa, "hjalt", a tsohon harshen mutanen Norwe. Ana samunta a cikin tsohuwar waƙar nan Beowulf, wadda aka rubuta kwafinta da ya rage wajen shekara ta 1000. A cikin labarin, jinin dodanni ya narkar da ruwan takobin jarumin, sai ya kai wa sarki mariƙin zinariya kaɗai, sarki kuwa ya karɓa da girmamawa.

Wannan ba abin mamaki ba ne, don kuwa a zamanin nan a mariƙi ake gane darajar mai takobi. A shekara ta 2009 an tono wata dukiya ta ƙarni na 7 a gundumar Staffordshire, zinariyarta ta kai kilo 5, kuma da yawa daga cikinta ado ne da aka ɓamɓaro daga mariƙan takubba.

Da Normawa suka ci Ingila a 1066, kalmomin yaƙi na Faransanci sun kwararo cikin Ingilishi. Har dunƙulen da ke ƙarshen mariƙin ya sami sunan Faransanci, "pommel", ma'ana ɗan ƙaramin tuffa. Amma "hilt" ba ta gushe ba.

Daga baya bindiga ta kori takobi daga fagen fama, sai kalmar ta fake cikin salon magana. In Bature ya ce "to the hilt", asalinsa a soka takobi ya nutse har mariƙi. Yanzu kuwa yana nufin iyakar matuƙa, kamar mutumin da bashi ya kai masa iya wuya. Ashe mai nazarin harshe zai iya tono tarihin yaƙin al'umma daga bakin wanda bai taɓa zare takobi ba.