Jarrabawar zane-zane ta neman aiki: mene ne "test psychotechnique", kuma ta yaya ake shirya mata?

Duk wanda ke bin sanarwar ɗaukar ma'aikata, ko ta jaridar Le Sahel, ko wadda ta bi ta hukumar ANPE, ko wadda ake liƙawa a ƙofar ƙungiyoyin ONG a Maraɗi, zai riƙa cin karo da wasu kalmomi biyu na Faransanci: "test psychotechnique". Bankuna, kamfanonin waya da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa kan saka shi a tsakiya, bayan an tace dosiye, kafin ganawar ido da ido. Matasanmu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji da yawa sun ci BEPC, sun ci BAC, wasu har sun fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, amma ranar da aka ajiye musu wannan takarda ita ce ranar farko da suka taɓa ganin irinta. Ga kuɗin mota da aka kashe, wani lokaci har Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. Shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye bayaninta a nan.

Jarrabawar kan zo da ɓangarori: na lissafi, na kalmomi, sai na zane-zane zalla, wanda shi ne maganarmu yau. A wannan ɓangare babu tarihi, babu nahawu, babu abin da aka haddace a lakol. Za a jera maka siffofi, da'ira, murabba'i, alwatika, kibiya, ɗigo, a bar gurbi ɗaya babu komai, a ce ka gano dokar da jerin ke bi, ka cike gurbin. Kuma agogo na tafiya.

Iri biyu ne suka fi yawo. Na farko ya samo asali daga wani Bature ɗan Birtaniya, John Raven, wanda ya fitar da nasa a 1938. Yana da tambayoyi 60, kashi biyar, kowane kashi 12, suna farawa da sauƙi suna ƙara tauri. Masu taurin kan zo da gida tara, uku-uku, na ƙarshe a buɗe, da amsoshi takwas a ƙasa ka zaɓi ɗaya. Na biyu shi ne na domino, wanda aka fara ƙirƙira wa sojan Birtaniya lokacin yaƙin duniya na biyu, Faransawa suka ɗauka suka mai da shi D48, daga baya D70 da D2000 suka biyo. Da yake ofisoshinmu da tsarin Faransa suka tashi, kada a yi mamakin ganin domino. D48 na da tambayoyi 44 cikin minti 25. Ku raba da kanku: daƙiƙa 34 ke nan ga kowace tambaya. Tarayyar Turai ma, a jarrabawarta ta ɗaukar ma'aikata, ta daɗe tana ba da tambayoyin zane 10 cikin minti 10.

Mu tsaya kan domino, don a nan ake yawan faɗuwa kan abu ƙarami. Kowane rabin domino na ɗauke da ɗigo daga 0 zuwa 6, bakwai ke nan. Bayan 6 babu 7, sai a koma 0. Wanda ya iya lissafin ranakun kasuwa ya riga ya iya wannan: kwana biyu bayan Juma'a ai Lahadi ce, mako ya zagayo. To ga misali. Rabin sama na tafiya haka: 1, 3, 5, 0, 2. Rabin ƙasa kuma: 6, 5, 4, 3, 2. Na ƙasa a fili yake, ana rage ɗaya-ɗaya, na gaba 1 ne. Na sama ana ƙara biyu-biyu. Daga 5 ka taka 6 ka sauka kan 0, daga 0 zuwa 2, na gaba 4. Amsa: 4 a sama, 1 a ƙasa. Wanda bai san da zagayen nan ba, da ya ga 0 bayan 5 sai kansa ya ɗaure, minti biyu su wuce yana kallon takarda. Wani lokaci kuma dokar ba sama da sama take ba, a karkace take: saman wannan ya bi ƙasan na kusa da shi. Wani lokaci jimillar rabi biyun ce ke tafiya. In jere a miƙe bai ba ka komai ba cikin daƙiƙa goma, gwada waɗannan.

Na gida tara kuwa, dokokinsa ba su da yawa, sai dai ana cakuɗa su. Abu na juyawa, kamar kibiya da ke bin hannun agogo kwata-kwata. Abu na ƙaruwa ko raguwa. Ɗigo na tsallake daga kusurwa zuwa kusurwa. Baƙi na komawa fari. Ko kowane layi yana da siffa uku, kowace sau ɗaya, sai ka nemi wadda ba ta fito ba. Mai wahalar shi ne na haɗi: a ɗora gida na farko kan na biyu a samu na uku, kuma sau da yawa layin da ya fito a duka biyun sai ya ɓace, wanda ke cikin ɗaya kaɗai ya rage. Dabarar da muke ba da shawara ita ce ka bi abu ɗaya tak a lokaci guda. Bi kibiya kaɗai, ka soke amsoshin da kibiyarsu ta saɓa. Sannan bi ɗigo, ka sake sokewa. Daga takwas sai ka ga saura biyu. Masu shirya tambayoyin da gangan suke saka amsar da ta dace da doka ɗaya ta saɓa ta biyu, don kama mai gaggawa.

Akwai masu cewa wannan gwaji basirar haihuwa yake aunawa, ba a koyonsa. Mu dai ba mu yarda da hakan duka ba. A 1931 da 1932 wani masanin Rasha, Alexander Luria, ya je ƙauyukan Uzbekistan yana nuna wa manoman da ba su shiga boko ba hoton guduma, zarto, gatari da gungumen itace, yana tambaya wanne ne bai shiga sahu ba. Amsar ƴan boko ita ce gungume, tunda sauran kayan aiki ne. Manoman suka ƙi, suka ce in babu itace me zarto da gatari za su yi? Wa zai ce wannan rashin hankali ne? Hanya ce ta tunani daban da wadda takardar ke nema. Haka nan binciken James Flynn ya nuna maki a irin waɗannan gwaje-gwaje ya yi ta hawa daga tsara zuwa tsara a ƙasashe da dama, kuma wani bincike a karkarar Kenya ya ga irin wannan hawan tsakanin 1984 da 1998. Sabo na da nasa rabo. Atisaye ba zai mai da kowa na ɗaya ba, amma yana cire ruɗewar ganin farko, wadda ita ce ke cinye mintunan ɗan ƙauye alhali ɗan birni ya riga ya yi nisa. Kuma idon da ke hango layi uku a ramukan dara 30 kafin abokin wasa ya gani, ko hannun da ke riƙe zubin adon tabarma da na hula, ba baƙo ba ne ga wannan aiki.

Yadda za a shirya: mako biyu zuwa uku, rabin awa kullum, ya fi kwana ɗaya cur ana fama. Kwanakin farko a yi ba agogo, a tsaya kan kowace tambaya har a iya faɗin dokarta da baki, da Hausa ma. Bayan nan a saka agogon salula, daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wadda aka faɗi a koma mata, don ita ce ke koyarwa. Ana samun misalai kyauta a intanet in an rubuta "test des dominos" ko "matrices de Raven". Mutum ɗaya ya sauke, a buga a yi fotokopi, a zauna uku ko huɗu a fada ana gwada juna. Ƴan uwanmu na Yamai, Kano, Abijan, Aljeriya ko Turai, in ƙanenku na da irin wannan jarrabawa a gaba, littafin atisaye ɗaya ko kuɗin kiredi da na fotokopi zai yi masa amfani sosai. Wanda kuma ya ce a turo masa jaka kaza zai ba da amsoshi ko zai saka suna a jerin waɗanda suka ci, a riƙe kuɗin.

Ranar jarrabawa, a karanta umarnin da ke saman takarda kafin komai, musamman a gano ko ana rage maki kan amsar kuskure. In ba a ragewa, kada a bar gurbi ko ɗaya. Minti na ƙarshe a cike sauran da zato. In ana ragewa, sai wadda ka soke har ta rage biyu za ka yi wa zato. Misalan da ake bayarwa a farko ba a ƙirga su, a yi amfani da su a gane salon. Tambayar da ta ƙi, a yi mata alama a wuce, tunda galibi makinta ɗaya ne da na mai sauƙi. Rashin gamawa kuma ba faɗuwa ba ne, an tsara yawancinsu ne yadda kaɗan ke kai ƙarshe. A duba lambar tambaya da ta takardar amsa lokaci-lokaci, don tsallake layi ɗaya na iya ɓata duk abin da ya biyo baya.

Wanda idonsa ke masa hazo wajen karatu ya je a auna shi tun da wuri, don bambancin amsa da amsa kan zama ɗigo ɗaya ƙarami. In jarrabawar ta intanet ce, allon salula ya yi ƙanƙanta. A nemi kwamfuta a inda rezo ke da ƙarfi kuma akwai abin da zai riƙe wuta in ta ɗauke, domin agogonsu ba ya jiran kowa. Mutanen Cadawa, Gangara, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori ko Saye Sabuwa da aka kira Maraɗi da sassafe, gara a kwana can da a dogara da motar safe. A tafi da katin ɗan ƙasa, takardar kira, bik biyu, fensir da agogon hannu, tunda salula kan zauna a ƙofa.