Silifa, Babush da Huffi a Unguwar Briqueterie

Hausa ta aro kalmar "silifa" daga Ingilishi, bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ma'anarta takalmi marar nauyi na zirga-zirgar cikin gida. A Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa ta Yawunde, Faransanci ne harshen makaranta da kasuwa, shi ya sa "babush" ke gogayya da ita. Asalin wannan kuwa Farisanci ne, ta hanyar Larabci. "Huffi", wato safar fata, ya girme su a bakin Bahaushe, domin littattafan fiƙihu irin su Risala ne suka kawo shi. Sai ɗalibi ya kiyaye wajen fassara: a kan huffi ake shafa yayin alwala, silifa kuwa a ƙofar masallaci ake tuɓewa.