Jeffrey Friedman, masanin da ya gano sinadarin leptin

Jeffrey Friedman likita ne ɗan ƙasar Amurka, kuma farfesa a Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York. An haife shi a shekarar 1954, ya kammala karatun likitanci a 1977, sannan ya sami digirin digirgir a 1986.

A 1994, bayan shekaru yana bincike kan wasu ɓeraye masu matsananciyar ƙiba, shi da abokan aikinsa suka gano sinadarin leptin. Kitsen jiki ne ke samar da shi, jini kuma ya kai shi wani sashe na gindin ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa da ƙoshi. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki na cikin yunwa, mutum ya yi ta ci ba ya ƙoshi.

A 1997, masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka gano yara biyu da aka haifa da rashin sinadarin. Daga baya allurarsa ta rage ƙibar irin waɗannan yara. Sai dai galibin masu ƙiba suna da shi da yawa, ƙwaƙwalwarsu ce ba ta amsa saƙonsa yadda ya kamata.

Binciken ya nuna cewa ƙiba na da tushe a halittar jiki, ba kwaɗayi kaɗai ba. A 2013 Friedman da Douglas Coleman suka karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal ta Saudiyya a fannin likitanci.