Kamen Rider: yadda karayar ƙafar ɗan wasa ta sauya wani shirin talabijin na Japan

Tarihinmu na yau ya kai mu Japan, shekara ta 1971, wajen wani shirin yara mai suna Kamen Rider, wato mahayi mai rufaffiyar fuska. Wanda bai san sunan ba, wataƙila ya san danginsa, domin Bioman da Power Rangers duk gida ɗaya suka fito da shi, kamfanin Toei. An fara nuna shi ran 3 ga Afrilu 1971, aka rufe ran 10 ga Fabrairu 1973 bayan kashi 98, kuma har gobe ana yin sababbi da wannan suna. Amma fa saura ƙiris shirin ya mutu tun bai yi wata uku ba. Abubuwan da aka fi saninsa da su yau, akasarinsu a wancan lokaci na tsaka mai wuya aka ƙirƙiro su.

Kafin Kamen Rider, Japanawa sun riga sun ƙware da irin fim ɗin da suke kira tokusatsu, fim na dabarun hoto da dodanni. Godzilla ya fito a sinima a 1954. A 1958 aka yi Gekko Kamen a talabijin, wani jarumi mai rawani da tabarau da ke yawo bisa babur. A 1966 kamfanin Tsuburaya ya fito da Ultraman, ƙaton da ya fi gidan bene tsawo. Irin wannan na ƙattai yana cin kuɗi sosai, don sai an gina ƙananan gidaje da tituna na kwaikwayo, sannan a bar dodo ya rugurguza su gaban kyamara, wani satin kuma a sake gina wasu.

A 1970 tashar Mainichi ta birnin Osaka ta nemi Toei ya yi mata shirin yara na daren Asabar. Aikin ya faɗa hannun furodusa Toru Hirayama. Tunanin farko, wani jarumi ne mai rufe fuska da aka laƙaba wa Maskman K, saboda a lokacin labarin ɗan kokawa Tiger Mask na tashe wajen yara. Daga baya aka gayyato mai zanen labarai Shotaro Ishinomori, haifaffen 1938, wanda ya riga ya yi suna da Cyborg 009. Ya zana wani jarumi mai suna Cross Fire, aka yi na'am da shi, amma shi mai zanen ransa bai kwanta ba. Yana son abin da zai ɗan tsorata mai kallo. Sai ya kawo shawarar a ɗauki Skull Man, jarumi mai fuskar ƙoƙon kan mutum, wanda ya zana a 1970. Ɓangaren tashar suka ce a'a, ba za a saka wa iyali ƙwarangwal a gaba suna cin abincin dare ba.

Ishinomori ya koma ya yi ta zane-zane, har ya lura cewa fuskar fara, in ka dube ta gaba da gaba, tana kama da ƙoƙon kai: manyan idanu, baki mai haƙora. Eh, fara dai, wadda manomi ke fargaba in ta sauka a gonar hatsi, wadda kuma ake soyawa da yaji a kasuwa. Ita ce ta zama fuskar jarumin. Har ƙarfin tsallensa da shurin da yake gamawa da abokan gaba, daga ƙafar fara aka aro su.

Labarin kansa na baƙin ciki ne. Takeshi Hongo matashi ne masanin kimiyya kuma ɗan tseren babur. Wata ƙungiyar asiri mai suna Shocker, mai son mallake duniya, ta sace shi ta yi masa tiyata, ta mai da jikinsa rabi mutum rabi na'ura. Saura aikin ƙwaƙwalwa kaɗai, wanda zai mai da shi bawansu, sai malaminsa Farfesa Midorikawa ya taimake shi ya tsere. A kashi na farko aka kashe malamin, ɗiyarsa Ruriko kuma ta zaci Hongo ne ya kashe shi. Kun ga ke nan jarumin da dodannin da yake yaƙa, hannu ɗaya ya ƙera su. Mutum-gizo-gizo da mutum-jemage da mutum-kunama duk mutane ne da aka yi wa irin abin da aka yi masa, sai dai su ba su samu tsira ba.

Wajen ɗaukar shirin, talauci ne ya yi jagora. Sutudiyon Toei na Tokiyo na cikin rikici tsakanin ma'aikata da kamfani, ana tsoron yajin aiki zai tsai da komai. Don haka aka kama hayar wani ɗan ƙaramin wuri a Ikuta, cikin Kawasaki, ƙarƙashin Yusaku Uchida, wurin da ba shi da wasu kayan aikin kirki. Tunda jarumin girman mutum ne, ba a buƙatar gina birnin kwaikwayo. Sai a kwashi ƴan wasa a tafi fili, ko wurin fasa dutse, ko bakin madatsar ruwa, a yi faɗan a can. Ƙungiyar ƴan wasan faɗa ta Ono Kenyukai ce ke shirya dambe da faɗuwa, su ne kuma ke saka kayan sojojin Shocker a yi ta jifa da su. Kiɗan kuwa Shunsuke Kikuchi ya tsara.

Ɗan wasan da aka ba matsayin Hongo shi ne Hiroshi Fujioka, saurayi mai ƙarfi da ya iya babur. A farkon shirin, shi da kansa ke shiga rigar jarumin ya yi faɗa, shi ke tuƙi. An rage kuɗin ɗaukar mutum na biyu, amma an ɗora dukan shirin bisa ƙafafun mutum ɗaya.

Ana cikin ɗaukar kashi na 9 da na 10, Fujioka ya sha kwana da babur, taya ta zame bisa tsakuwa, ya faɗi. Ƙashin cinyarsa ya farfashe. Duk ɗan kabu-kabu ya san abin da tsakuwa ke yi a kwana, kuma ya san karayar cinya ba ta sati biyu ba ce. Jinyar ta watanni ce, shiri kuwa kowace Asabar sai an nuna sabo.

Daga kashi na 11 zuwa na 13 dabara aka yi ta yi. Aka tattaro tsofaffin hotunan Fujioka aka jona, wani mai murya, Rokuro Naya, ya yi magana a madadinsa. Aka yawaita nuna jarumin da fuska a rufe, tunda kowa na iya shiga rigar. Aka ƙara wa Ruriko aiki, aka shigo da wani sabon mutum, Kazuya Taki, wanda Jiro Chiba ya fito a matsayinsa, ƙanen shahararren ɗan wasa Sonny Chiba. Amma kowa ya san wanga faci ba zai daɗe ba. Ga kuma wata damuwar: kashi na farko ya samu masu kallo 20.5 cikin ɗari a yankin Osaka, amma a yankin Tokiyo 8.1 kacal.

Sai aka zauna taro. Cikin shawarwarin da aka kawo har da a kashe Hongo a labarin, a ɗauko wani jarumi a ci gaba. Ita ce hanya mafi sauƙi. Hirayama ya ƙi. Hujjarsa ita ce bai kamata a kashe wa yara jarumin da suka ɗora wa buri ba. Ban da wannan, ga mutum kwance a asibiti da ya ji ciwo a bakin aikinsu. In aka kashe Hongo, an rufe wa Fujioka ƙofar dawowa ke nan. Abin da aka tsayar shi ne a ce Hongo ya tafi Turai bin sawun reshen Shocker na can, ya bar Japan a hannun wani.

Wanin nan shi ne Hayato Ichimonji, mai ɗaukar hoto, wanda shi ma Shocker ta yi wa tiyata Hongo ya cece shi. Aka nemi Takeshi Sasaki ya hau matsayin. Shi kuwa abokin Fujioka ne, ƙungiyar wasan kwaikwayo ɗaya suka fito, don haka da fari ya noƙe, ba ya so a ce ya ci gadon abokinsa yana kwance. Ya amsa ne bisa sharaɗin riƙon ƙwarya zai yi, ranar da mai wuri ya warke zai ba shi abinsa.

Nan kuma wata matsalar ta ɓullo: Sasaki ba shi da lasin tuƙa babur. Alhali a tsarin farko, babur ne ke sa jarumin ya rikiɗa. Akwai farfela a tsakiyar ɗamararsa, in ya zabga gudu iska ta juya ta, sai ƙarfi ya zo masa. To wanda ba zai tuƙa ba fa? Sai masu shirya faɗa suka tsara masa wani motsi: ya tsaya cak, ya miƙa hannuwa gefe guda, ya zagayo da su sannu a hankali, ya ɗaga murya ya ce henshin, ma'ana rikiɗa, sannan ya daka tsalle sama iska ta bugi farfelar. Ran 3 ga Yuli 1971, a kashi na 14, aka fara ganin wannan.

Abin ya kama kamar wutar daji. Yaro ba shi da babur, amma yana da hannuwa biyu da murya. Filin makaranta da lungun unguwa duk suka cika da masu rikiɗa, har ƴan jarida suka sa wa zamanin sunan wannan kalma. Masu shirin suka yi amfani da damar suka sauya wasu abubuwan. Rigar farko mai duhu ce, ba ta fitowa sosai a hoton dare, sai aka yi ta biyun da kore mai haske da ratsin azurfa a hannu da ƙafa. Ichimonji mai fara'a ne da barkwanci, ba kamar Hongo mai yawan tunani ba. Aka rage ban tsoro, aka ƙara ƴan mata da yaro cikin abokan jarumin. Masu kallo suka yi ta ƙaruwa har suka haura 30 cikin ɗari a Tokiyo da Osaka duka.

Kasuwa ma ta buɗe. Kamfanin Popy, reshen Bandai, ya fitar da ɗamarar wasa mai farfela da ke juyawa tana walƙiya, aka sayar da wajen miliyan 3.8. Kamfanin Calbee ya fitar da wani ɗan abin taunawa da ake haɗawa da katin hoton jarumi ko dodo. Yara suka riƙa saye don katin kawai, su zubar da abincin, har iyaye da malamai suka yi ta kuka da wannan almubazzaranci. Akwai wanda ya fi wannan muni: wasu yaran sun ji ciwo garin kwaikwayon tsalle da shurin jarumin daga wuri mai tudu. Dole masu shirin suka saka gargaɗi, suna nuna cewa jarumin sai da ya sha horo, kada yaro ya gwada.

Fujioka ya warke. Ran 1 ga Janairu 1972, a kashi na 40 da aka ɗauka a yankin dutsen Sakurajima mai aman wuta, Hongo ya dawo baƙunta, yara suka ga mahaya biyu kafaɗa da kafaɗa. A kashi na 53, watan Afrilu 1972, ya karɓi matsayinsa gaba ɗaya, shi ma aka tsara masa nasa motsin rikiɗa. Sasaki ya cika alkawari, a labarin aka ce Ichimonji ya tafi Kudancin Amurka, yana leƙowa jefi-jefi. Darasin hatsarin kuma ya zauna: shiga riga da tuƙin kasada suka zama aikin ƙwararru na musamman, ɗan wasa ya tsaya ga fitowa da fuskarsa.

Shawarar nan ta ƙin kashe Hongo ita ta ba Toei hanyar da yake bi har yanzu. Tunda an yarda mahayi na iya zama biyu, zai iya zama uku. Sati ɗaya bayan rufe shirin farko, a Fabrairu 1973, aka fara Kamen Rider V3 da Hiroshi Miyauchi, inda tsofaffin biyu suka miƙa wa sabo aiki. X da Amazon suka biyo a 1974, Stronger a 1975, Black a 1987. A 1975 ɗin dai Hirayama da Ishinomori suka fito da Gorenger, jarumai biyar masu launi daban-daban da ke faɗa tare. Daga wannan zuriya Bioman ya fito a 1984, wanda ya yi farin jini a Faransa, da Zyuranger na 1992 wanda Amurkawa suka ɗauki hotunan faɗansa suka yi Power Rangers a 1993.

Ishinomori ya rasu a 1998. Shekara biyu bayan haka, a 2000, aka farfaɗo da shirin a talabijin da Kamen Rider Kuuga, kuma tun daga nan kowace shekara sai an yi sabon mahayi da sabuwar ɗamara. A 2023 darakta Hideaki Anno, wanda yana yaro ya kalli na asalin, ya sake labarin Hongo da Ichimonji a fim ɗin sinima mai suna Shin Kamen Rider. Fuskoki sun canza, kayan aiki sun zama na kwamfuta, amma kusan kowane sabon mahayi sai ya tsaya ya yi motsin hannu ya furta kalmar nan kafin ya rikiɗa, kamar yadda aka tsara wa mutumin da ba shi da lasin babur a 1971.

Waɗanda suka taso da kallon Bioman ko Power Rangers, ku faɗa mana wanne kuka fara gani, kuma a wane gari. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.