Rawani da Amanar Ƙasa a Tarihin Arewa

Duk wanda ya nemi tarihin sarauta a ƙasar Arewa zai tarar da wani abu da ba a faye samu a wasu ƙasashen Hausa ba, wato iko bai taɓa taruwa a hannu ɗaya ba. Tun kafin zuwan Arawa, Gubawa ne suka sari daji a Dallol Mawri, suka kafa Lugu da Bagaji. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji su ne masu ƙasa. Bisa tarihin baka, Ari ya fito daga Barno, ya auri ɗiyar masu ƙasa, aka haifi Akazama, wanda daga gare shi sarautar Arewa ta samo tushe. Ƴan sarki suka riƙi doki da mashi da hukunci, ƴan ƙasa suka riƙi sha'anin ƙasa da shuka. Sarki yana mulkin mutane, amma ƙasar da yake takawa amana ce da ya tarar, kuma zai bar ta ga na baya.

A garuruwa irin Sukukutane, inda damina gajera ce, wannan fahimta ita ce ta raya mutane. Dubi gawo. Itace ne mai saɓa wa ƴan'uwansa: yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, sannan ya yi kore da rani sa'ad da daji ya bushe. Shanun Fulani sukan taru a inuwarsa su ci ƴaƴansa, su bar taki, gero kuwa ya fi kyau a gindinsa. Manomi ya samu dami, makiyayi ya samu abincin dabba, aka yi musanyar nono da hatsi. Wanda ya sare gawo ɗaya, ya taɓa gona da garke da rumbu da zumunci gaba ɗaya. Shi ya sa ake ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sanya hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Haka nan hakimi na gari yakan tsare burtali kada gona ta cinye shi, ya tsara layin shayarwa a rijiya, ya faɗi ranar sakin gonaki bayan an kwashe amfani.

Nasara suka iso. A shekarar 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu ta yi tsayin daka da har yau ake ambato. Amma a ganina, wata takarda ta fi bindiga ɓarna mai daɗewa. Dokar gandun daji ta 1935 ta mai da itatuwa ƙarƙashin hukuma, kuma bayan samun ƴancin kai a 1960 aka ci gaba da wannan tafarki. Manomi ya ga cewa itacen da ya tsiro a gonarsa tara yake jawo masa, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami. An yi dokar don kare itace, ta zama sanadin ƙarewarsa. Ga haraji, ga noman gyaɗa, ga jama'a na ƙaruwa, sauran gona da ake bari ta huta ya ragu. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, iska ta tarar da ƙasa tsirara.

Gyaran ma daga gona ya fito. A jihar Maradi, tun daga 1983, manoma tare da wani masanin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka koma ga kututturan da ke raye a ƙarƙashin ƙasa: a zaɓi tofo mai ƙarfi, a rage sauran, a bar shi ya girma. Shi ne sassabin zamani. A 1984 Shugaba Seyni Kunce ya tara taron Maradi kan yaƙi da hamada. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin eka miliyan 12 a Nijar, wato hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, manyan masana suka riƙa zuwa koyon darasi wurin talakan da a da ake ci wa tara. Abin da suke kira sabon tunani, wato duban ruwa da ƙasa da dabba da mutum a matsayin abu ɗaya, tsofaffinmu sun san shi ba tare da sun raɗa masa suna ba.

Dokar karkara ta 1993 ta amince da matsayin sarakunan gargajiya wajen sasanta rigingimun gona da kiwo, ta kuma kafa kwamitocin filaye inda suke da kujera. Nauyin kuwa ya fi na da. Jama'ar Nijar ba ta kai miliyan 4 ba a 1960, amma ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17. Gonar da kaka ɗaya ya noma, yau jikoki da dama ke rabonta, kuma kowace damina ƙarar farko da ke isa ƙofar fada ita ce ta iyakar gona da burtalin da aka shuke.