Labarin Ƙauyen Abinger

Abinger wani ɗan ƙauye ne cikin lardin Surrey a ƙasar Ingila, kudu maso yamma da Landan. Tsohon wuri ne ƙwarai, gama sunansa yana cikin littafin ƙidayar gonaki da haraji wanda Sarki Wilyam ya sa aka rubuta a 1086.

A zamanin da ƙira ce sana'ar da aka san wurin da ita. Aka tare rafin Tillingbourne, ƙarfin ruwa na ɗaga wata ƙatuwar guduma tana dukan ƙarfe. Maƙerar ta mutu tuntuni, amma akwai wani agogo bisa hanya mai siffar maƙeri, kowace sa'a sai ya bugi ƙararrawa da gudumarsa.

Majami'arsu kuwa, ginin ƙarni na 12, ta sha wuya. Bam ɗin Jamus ya yi mata mummunar ɓarna a 1944, aka gyara, tsawa kuma ta faɗa mata a 1964.

Abin da ya haɗa ƙauyen nan da ma'aikatan En'e shi ne, can Gwamna Lugga ya zauna bayan ya bar aiki, a gidansa Little Parkhurst. Matarsa Flora Shaw, wadda ta raɗa wa Nijeriya suna a 1897, can ta rasu a 1929. Shi ma can ya rasu, ran 11 ga Afrilu, 1945.