Rabbi da hazan: su wa ke jan ragamar majami'ar Yahudawa, kuma yaya abin yake a Ghana?

Mutumin Pusiga ko Bawku da ya taɓa gangarawa kudu aikin gonar koko a ƙasar Sefwi, mai yiwuwa ya wuce ta kusa da ɗaya daga cikin majami'un Yahudawa ƙalilan da ke Ghana bai sani ba. A garin Sefwi Wiawso, hedikwatar jihar Western North, akwai wata 'yar ƙaramar al'umma da ke kiran kanta House of Israel, wato Gidan Isra'ila, mutanenta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Suna hutun ranar Asabar, suna addu'a da Ibrananci, amma sun shafe shekaru masu yawa ba su da rabbi nasu na zaune. Wanda ya saba da tsarin zango, inda ko masallacin ƙofar gida na da limaminsa da ladaninsa, zai tambaya: to wa ke jan su? Amsar tana cikin yadda Yahudawa suka raba aiki tsakanin mutum biyu, rabbi da hazan.

Rabbi ya fi kusa da malami

Da yawa kan fassara rabbi da limamin Yahudawa, fassarar kuwa ba ta cika daidai ba. Kalmar ta fito daga Ibrananci, daga rab, wato babba ko shugaba, kuma rabbi na nufin malamina. Faransawa na cewa rabbin. Masu karatun tafsiri sun san malaman Yahudawa da sunaye biyu da suka zo a Suratul Ma'ida, rabbaniyyun da ahbar.

A zamanin da Haikalin Birnin Kudus ke tsaye, ibadar Yahudawa na hannun zuriyar Annabi Haruna, waɗanda ake kira kohen. Su ke yanka hadaya, kuma muƙamin gado ne. Da Romawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70 miladiyya, hadaya ta tsaya, sai ragama ta koma hannun masana Attaura. Yohanan ben Zakkai ya tara almajirai a garin Yabne. Wajen shekara ta 200 aka tattara hukunce-hukuncen baka a littafin Mishna ƙarƙashin Yahuda ha-Nasi, daga baya malaman Iraƙi suka yi masa doguwar sharhi, wadda ta zama Talmud. Tun daga nan ilimi ya zama hanyar shugabanci. Ɗan talaka na iya zama rabbi, jikan kohen kuwa, in bai yi karatu ba, abin da ya rage masa shi ne a fara kiransa idan za a karanta Attaura, kuma ya sa wa jama'a albarka a wasu ranaku.

Ana zama rabbi ne ta hanyar semika, wadda ta yi kama ƙwarai da ijazar da malamin zaure ke ba almajirinsa. Asalin kalmar ɗora hannu ne, kamar yadda Attaura ta ce Annabi Musa ya yi wa Yusha'u. A yau takarda ce da wani rabbi ko wata makaranta ke bayarwa, tana shaida cewa mai ita ya isa ya ba da fatawa. A wajen masu riƙon gargajiya, waɗanda ake kira Otodoks, ɗalibi kan yi shekaru a makarantar yeshiba yana haƙilon Talmud, sannan a jarraba shi a babukan Shulhan Aruk, littafin fiƙihun da Yusuf Karo ya rubuta, aka buga a Benis a 1565. Abin da aka fi tsananta tambaya a kai shi ne halal da haram na abinci, hukuncin Asabar, tsarkin iyali da zaman makoki. Ɓangarorin da suka sassauta, Rifom da Konsabatib, sun kafa makarantu irin na jami'a: Hebrew Union College a Sinsinati a 1875, da Jewish Theological Seminary a Niyok a 1886. A can karatun kan ɗauki kimanin shekara biyar bayan digiri na farko, a haɗa da tarihi da dabarun yi wa mutane nasiha. Faransa na da tata makarantar, wadda aka kafa a Metz a 1829, aka mayar da ita Paris a 1859.

Aikin rabbi na yau da kullum zai zama sananne ga duk wanda ya taɓa zama a zauren babban malami. Mace ta aiko tana tambaya ko tukunyar nama da madara ta ɗiga a ciki ta haramta, domin shari'arsu ta hana haɗa nama da nono. Ma'aurata sun zo da rigima. Ana ɗaurin aure, ana jana'iza, ana shirya yaro ɗan shekara 13 don ranar da zai fara ɗaukar nauyin addini. Saki ba ya tabbata sai an rubuta takardar da ake kira get a gaban kotun malamai uku, bet din, kuma irin wannan kotu ce ke karɓar wanda zai shiga addinin. Huɗubar kowane mako, wadda a yau ake auna rabbi da ita a Amurka da Turai, ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 19. Albashi ma ba a fara da shi ba. Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya yi kakkausar suka ga cin abinci da karatun Attaura, shi kansa da likitanci ya riƙe gidansa.

Hazan, ɗan aiken jama'a

Wanda ke tsayawa gaba ya ja addu'a shi ne hazan. Ana kuma ce masa shaliya sibur, ɗan aiken jama'a, domin a madadinsu yake magana. A Faransa sukan ce ministre officiant. Ba ladan ba ne, domin Yahudawa ba sa kiran salla. In ana neman makamancinsa a masallaci, sai a haɗa limami mai jan salla da alaramma mai daɗin ƙira'a a mutum guda.

Addu'o'in yini uku ne, na safe, na la'asar da na dare. Wasu sassan ba a yin su sai mutum goma baligai sun hallara, adadin da ake kira minyan. Da zarar goman nan sun cika, duk wanda ya iya zai iya wucewa gaba, ko da tela ne ko manomi. Littattafan fiƙihunsu sun dai zayyana wanda ya fi cancanta: mai kyawun hali, mai tawali'u, wanda jama'a suka yarda da shi, mai daɗin murya, wanda ya san abin da yake karantawa. A manyan ranaku, Sabuwar Shekara da Yom Kifur ranar azumi da neman gafara, an fi son magidanci wanda ya kai shekara talatin.

Wahalar aikin tana cikin sauti. Kowace addu'a na da nata karin, na safiyar Asabar daban, na ranar aiki daban, na ranar azumi daban, kuma jama'a na ganewa nan take in an sauya musu. Yahudawan Halab a Siriya suna bin maƙamat na Larabawa, irin waɗanda makarantan Alƙur'ani na Masar suka shahara da su, suna zaɓar maƙamin kowane mako gwargwadon sashen Attaura da za a karanta. Karatun Attaurar kansa, ranakun Litinin, Alhamis da Asabar, daga naɗaɗɗiyar fata ake yin sa, rubutun hannu, babu wasali babu alamar sauti. Dole mai karatu ya haddace su tun a gida, in ya yi tuntuɓe kuwa mutane biyu da ke tsaye gefensa su gyara masa, kamar yadda ake yi wa limami gyara a tarawihi.

A Turai aikin ya zama sana'a mai daraja a ƙarni na 19. Salomon Sulzer na birnin Biyana, wanda ya rasu a 1890, ya rubuta karin addu'o'in a takarda ya kafa ƙungiyar masu amshi. Yossele Rosenblatt, wanda ya rasu a 1933, faifansa sun yi kasuwa a Amurka har wajen waɗanda ba Yahudawa ba. Batun mata kuwa shi ne ya fi raba ɓangarorin. Regina Jonas ta sami semika a Jamus a 1935, 'yan Nazi suka kashe ta a Auschwitz a 1944. Sally Priesand ta zama rabbi a Amurka a 1972, Barbara Ostfeld ta zama hazan a 1975, dukansu a ɓangaren Rifom. Galibin Otodoks har yanzu ba su yarda da wannan ba.

Sawunsu a Afirka ta Yamma

Yankinmu ya taɓa sanin rabbi tun kafin zuwan Turawa. Yahudawa sun daɗe a Tuwat, zangon ayarin Sahara da ke cikin Aljeriya ta yau, har zuwa wajen 1492 lokacin da Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya ba da fatawar rushe majami'arsu ta Tamantit, fatawar da wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa a kai. Shi ne Maghilin da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ƙarni kusan huɗu bayan haka, wajen 1860, wani rabbi ɗan kasuwa daga Akka ta kudancin Maroko, Mordekai Abi Serur, ya isa Tumbutu, ya nemi izinin zama, ya jawo 'yan'uwansa har suka cika goman da ake buƙata. Al'ummar ba ta daɗe ba ta watse. Faransawa sun fi tuna shi a matsayin jagoran Charles de Foucauld a tafiyarsa ta Maroko a 1883 zuwa 1884.

Labarin Sefwi Wiawso sabo ne idan aka kwatanta. A ƙarshen shekarun 1970 wani mutum mai suna Aaron Ahomtre Toakyirafa ya ce an nuna masa a wahayi cewa al'adun kakannin Sefwi, hutun Asabar, kaciyar jarirai maza da ƙin naman alade, ragowar addinin Yahudu ne. Ya tara mabiya, da farko Tsohon Alkawari kawai ke hannunsu. A shekarun 1990 suka haɗu da Yahudawan Amurka, musamman ƙungiyar Kulanu, aka fara aiko musu littattafan addu'a, suka gina majami'arsu a unguwar New Adiembra. Dattawa da samarin da suka koyi Ibrananci su ne suka riƙa jan addu'a, suna haɗawa da harshen gida. Wannan bai saɓa wa shari'arsu ba, tunda addu'a ba ta jiran rabbi. Inda rashinsa ke ciwo shi ne wurin da ake buƙatar kotun malamai uku, wato karɓar sabon shiga da tabbatar da saki. Kuma a nan ne maganar ke da nauyi, domin hukumar manyan malaman Isra'ila, wadda ke hannun Otodoks, ba ta ɗauke su Yahudawa ba sai sun shiga addinin ta hanyar da ta yarda da ita.

Abin koyinsu mafi kusa yana Uganda. Al'ummar Abayudaya da ke kusa da Mbale ta tura ɗanta Gershom Sizomu makarantar Ziegler a Los Anjelas, ya sami semika a 2008 a ɓangaren Konsabatib, ya dawo ya buɗe makarantar horar da shugabanni daga ƙasashen Afirka, har da Ghana. A 2016 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Uganda. A Najeriya, inda dubban Ibo ke bin addinin, akwai majami'u a Abuja, ciki har da Gihon, kuma galibinsu dattawa da masu jan addu'a ke riƙe da su, rabbi sai dai baƙo mai ziyara daga Amurka ko Isra'ila.

Akwai kuma rabbi iri na biyu a Akara da Abuja, na ƙungiyar Chabad mai hedikwata a Niyok. Waɗannan Otodoks ne, ana turo su da iyalansu su zauna, kuma hidimarsu ta fi karkata ga 'yan kasuwa, ma'aikatan kamfanoni da jami'an jakadanci da suka zo daga waje. Isra'ila ta sake buɗe ofishin jakadancinta a Akara a 2011, bayan yanke hulɗar da aka yi a 1973. A irin wannan ƙaramin gida mutum ɗaya ne ke komai: shi ne rabbi, shi ne hazan, shi ke karanta Attaura, shi ke neman naman da aka yanka bisa ƙa'ida, matarsa kuma ta riƙe karatun yara da girkin daren Asabar. Babu a Ghana wani muƙami na babban rabbin ƙasa da za a jera da na Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu. Faransa ce ke da irin wannan, a cikin tsarin da Napoleon ya kafa a 1808, kuma Haïm Korsia ke kan kujerar tun 2014.